Yankan fallen dutse a shagon Baba na Jos: inda ya ƙware da inda hannunsa ya tsaya

Tun da zarton yankan dutse na sashenmu a jami'a ya tsaya, tambayar da ɗalibai da abokan aiki suka fi yi mini ita ce: Dakta, ina kike kai duwatsunki a yanka? Jos nake kaiwa, wurin wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Ya yi aiki a ɗakin gwajin ma'adinai har ya yi ritaya, sannan ya tattara tsofaffin injinan da aka yi gwanjonsu, ya kafa su a ɗaki biyu a bayan gidansa. Shagon ba allo, ba talla. Ta bakin ma'aikatan ɗakunan gwaji ake saninsa. Hukuncina shi ne: in dutsenku mai tauri ne, basalt (baƙin dutsen aman wuta) ko giranit, kuma da maikuroskof kaɗai za ku duba shi, aikin Baba ya fi na duk wanda na gwada a ƙasar nan, bai kuma gaza wanda na saba karɓa a waje lokacin karatuna ba. In kuwa dutsen mai marmashewa ne, ko kuna da niyyar kai shi injin auna sinadari, to ku dakata ku ji sauran bayani kafin ku ɗaure kaya.

Ga wanda ba ɗan fage ba, falle ɗan yankin dutse ne da ake mannawa a jikin gilashi, a yi ta goge shi har kaurinsa ya koma maikiron 30, wato kashi 3 cikin 100 na milimita ɗaya. In ya kai haka, haske yana ratsa yawancin ma'adinan da ke cikinsa. Sai a ɗora shi a maikuroskof mai matatun haske biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, an gitta su, kowane ma'adini ya fito da launin da aka san shi da shi. Henry Clifton Sorby, mutumin Sheffield ta Ingila, shi ya fara yi wa duwatsu haka a 1849, kuma har gobe, duk tsadar injinan da aka ƙera bayansa, mai binciken magma ba ya sa alƙalami a kan dutse sai ya fara duba fallensa. Lambar nan ta 30 ba ta ado ba ce. Launin da ma'adini ke nunawa yana bin kaurin falle, kuma jadawalin launukan da muke koyarwa da shi a kan 30 ake karanta shi. Falle ya tsaya a 40, sai ma'adinin fairoksin ya ari launin ma'adinin olibin, ɗalibi ya rubuta abin da ba shi ne ba da zuciya ɗaya, malamin da ke gaggawa ya sa masa hannu.

Aikina a kan magma yake, narkakken dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa kafin ya sami hanyar fitowa. Ba a leƙa inda yake taruwa. Abin da ya daskare shi ne kawai a hannunmu. Magman basalt yana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, kuma yayin da yake hucewa ma'adinai ba sa fita a tare. Olibin kan riga, sannan fairoksin da filajiyokilas su biyo baya, kamar yadda Norman Bowen ya nuna da gwaje-gwajensa a Washington a farkon ƙarni na 20. Manyan ƙwayoyi a hankali suka girma a can ƙasa, ƙananan da suka kewaye su kuwa da gaggawa suka daskare a sarari. Ƙwayar da gefenta ya zagwanye ta faɗa cikin magman da ba nata ba. Wadda ta yi zobe-zobe a cikinta ta sha sauyin zafi da sinadari tana girma. Duk wannan a falle ake karanta shi, in fallen ya yi kyau.

Yawancin duwatsuna daga tudun Biu suke a kudancin Barno, inda tuddan aman wuta suka haura 80, ga tafkin Tila zaune a bakin ɗaya daga cikinsu. Basalt ɗin can ya fito ne tsakanin kusan shekara miliyan 5 zuwa ƙasa da miliyan 1 da suka wuce, wanda a lissafinmu jiya-jiya ne. Sauran daga Filato nake ɗebowa, wajen Panyam da Kerang da tafkin Pidong a ƙasar Mangu. Masana da yawa suna ɗaukar Biu a matsayin ƙarshen reshen jerin duwatsun aman wuta na Kamaru, jerin da ke ɗauke da Dutsen Kamaru da ya yi aman wuta a 1999 da 2000, da tafkin Nyos wanda iskar da ta taso daga cikinsa a daren 21 ga Agustan 1986 ta hallaka mutum fiye da 1,700. Shi ya sa ba na ɗaukar sanin abin da ke ƙarƙashin Biu da Panyam a matsayin karatun nishaɗi.

Ɗakin farko na shagon na jiƙa ne da ƙara. Nan zarto mai bakin daimon yake, ruwa na tsiyaya a kansa daga wata jarka da aka rataye, sai faifan goga mai juyawa. Yaran Baba biyu ne ke nan. Su ke fitar da ɗan ɓallin dutse daidai faɗin gilashi, milimita 27 da 46, su daidaita fuska ɗaya, su shanya shi a murhun lantarki har danshi ya fita kaf, sannan a manna da gam ɗin ifoksi a danne shi ya kwana. Washegari a sake mayar da shi zarto a sare mafi yawan dutsen, a rage abin da bai kai milimita ɗaya ba a jikin gilashi. Har nan duk wanda ya koya zai iya.

Ɗaki na biyu shi ne na Baba, kuma a nan kuɗinku yake. Tebur ne dogo a gindin taga, da farantan gilashi masu kauri guda uku, kowanne da nasa garin kaborandam: mai lamba 240, mai 400, da mai 600. Kowane faranti da bokitinsa da tsummansa, ba a haɗawa. Yaro ya taɓa farantin 600 da hannun da ya fito daga 240, ranar zai ji faɗa, domin tsaba ɗaya ta gari mai kaushi ta isa ta ja wa falle zane daga wannan gefe zuwa wancan. Baba yakan zuba gari kaɗan, ya ɗiga ruwa, ya kifa falle, ya ɗora yatsu uku a bayansa, ya riƙa zagayawa da shi yana bin dukan faɗin farantin don kada tsakiya ta yi rami. Can ya juya fallen ya sauya gefen da babban yatsa ke dannawa. Can ya wanke, ya ɗaga a hasken taga, ya mayar. Sai ya kusa kaiwa yake ɗora shi a tsohon maikuroskof ɗinsa mai karɓar haske ta madubi.

A giranit abin da sauƙi, domin akwai ma'adinin kwaz, kuma kowa ya san in kauri ya yi daidai kwaz yakan tsaya tsakanin toka-toka da fari. Basalt ɗinmu ba kwaz a cikinsa, sai a dogara da filajiyokilas, wanda a irin waɗannan duwatsu ƙwayoyinsa ƙanana ne, sirara. Na taɓa tsayawa a kansa yana gama wani falle na Miringa, a tudun Biu. Ya matsa ya ce, «Dakta, zo ki duba.» Na duba na ce, «Baba, ai wannan ya yi.» Ya ce, «Da saura, 'yata. Koma gefen hagu ta ƙasa, ki ga farin nan ya ɗan surka da ruwan ɗorawa.» Na zagaya faifan maikuroskof, ga shi kuwa, ƙwayoyi kaɗan a kusurwa suna da ɗan rawaya-rawaya, alamar kusurwar ta fi tsakiya kauri. Ya mayar da shi farantin 600, ya danna kusurwar nan ita kaɗai da ɗan yatsa, ya zagaya kaɗan, ya wanke. Da na sake dubawa fallen ya zama bai ɗaya daga baki zuwa baki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da ya fi kashe falle a wuraren da ake yi da gaggawa shi ne wannan karkata, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya ya cinye har dutse ya ɓace. A cikin abin da na karɓa daga hannunsa na basalt mai tauri, ban mayar da ko ɗaya saboda karkata ba.

Abu na biyu da nake auna mai yankan falle da shi shi ne olibin. Ma'adini ne mai yawan tsagewa, in aka matsa masa da gari mai kaushi ko aka yi saurin sauka, sai gutsattsarinsa su ɓalle su bar ramuka. A fallen Baba olibin yana fitowa cikakke, da launukansa masu kaifi, shuɗi da ja da kore, har da jan bakin nan da iska da ruwa ke yi masa a kewaye. Fairoksin na basalt ɗin Biu yana da wani ɗan shunayya-shunayya saboda sinadarin titaniyam da ke cikinsa, kuma ba a ganin wannan launi sosai sai falle ya yi tsabta, gam bai yi kumfa a ƙarƙashi ba. A nasa ana gani. Kumfar gam nakan same ta jefi-jefi a can baki-baki, ba ta hana aiki.

Akwai fallen da na fi ji da shi, kuma shi nake fara nuna wa 'yan aji huɗu. A cikinsa olibin iri biyu ne kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya mai kusurwoyi tsaf, in an juya faifai duk jikinsa yake yin baƙi lokaci guda. Wannan a cikin magman ya girma. Ɗayan kuwa gefensa a zagwanye, in an juya sai duhu ya riƙa ratsa shi sala-sala, wani sashe ya rufe wani ya buɗe. Wannan ba ɗan gida ba ne. Ɓalli ne daga mantul, ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, inda nauyi da zafi suka murɗa shi tsawon zamani kafin magma ya fizgo shi ya taho da shi. Ƙwayar da ba ta kai milimita 2 ba, ga ta tana shaida cewa magman ya taso da sauri daga nisan kilomita gommai, bai yada zango mai tsawo a hanya ba, domin da ya daɗe da ta nutse ko ta narke. In fallen ya karkata ko ƙwayar ta ɓalle, wannan shaida ta tafi.

To, ga inda hannunsa ya tsaya.

Basalt ɗin Miringa ya shahara da duwatsun da ba nasa ba da yake ɗauke da su, dunƙule-dunƙulen feridotait kore shar daga mantul, masu olibin da fairoksin iri biyu da sifinel. A wurina sun fi zinariya, amma da yawansu in ka matsa da yatsa sai su warware kamar dambu. Irin wannan dutse, da dutsen kumfa mai ramukan iska da ake samu a bakin tuddan Panyam, ba a yanka su sai an fara shayar da su gam har cikin ƙofofinsu, kuma ana yin haka ne a cikin tukunya mai famfon zuƙe iska. Baba ba shi da wannan famfo. Dabararsa ita ce ya ɗumama dutsen, ya tsinka gam, ya jiƙa shi ya bari ya kwana biyu. Gam yana shiga baki-baki, ba ya kai tsakiya. Abin da na karɓa na feridotait, wajen rabinsa ya zo da ramuka inda ƙwayoyi suka zube, kuma a dutsen kumfa garin goga ya maƙale a ramukan iska ya yi baƙi-baƙi, wanda ɗalibi zai iya ɗauka ma'adinin ƙarfe ne. Ya faɗa mini tun kafin ya fara cewa ba zai yi alkawari ba, kuma bai karɓi kuɗin waɗanda suka lalace ba. Wannan mutunci ne, amma mutunci ba ya dawo da dutsen da aka sha wuya kafin a samo shi. In guda ɗaya tak kuke da shi, kada ku kai.

Na biyu shi ne sheƙi. Fallen koyarwa ana rufe shi da siririn murfin gilashi, an gama. Amma wanda za a kai injin da ke harba ƙwayoyin lantarki ya auna sinadari a ɗigo guda, ba a rufe shi. Ana goge fuskarsa da man daimon daki-daki, daga maikiron 6 zuwa 3 zuwa 1, har ta zama ba ƙwarzane ko ɗaya. Da irin wannan falle ake auna yadda ƙarfe da maganiziyam suka sauya daga tsakiyar ƙwayar olibin zuwa bakinta, a lissafa ko kwanaki ko watanni magma ya yi tsakanin haɗuwarsa da sabon magma da fitowarsa. Irin binciken da mujallun ƙasashen waje ke nema ke nan yanzu. Baba yana karɓar aikin sheƙi in an matsa masa, da hannu yake yi a kan ƙyalle, kuma ya isa a duba ma'adinan ƙarfe da hasken da ke dawowa daga sama. Bai isa injin ba. Olibin mai tauri yakan tsaya tudu, abin da ke kewaye da shi ya yi kwari, kuma injin ba ya yafe wannan. Abin da nake yi yanzu shi ne in ba Baba duk duwatsun da na ɗebo ya yi mini falle mai murfi, in zauna in tace, in zaɓi 'yan kaɗan da suka cancanta, in aika ɓallinsu waje a yi masu sheƙi. Ta haka kuɗin binciken da ba shi da yawa yake kai ni inda nake so.

A nan ne wata ɗabi'arsa take da daraja. Ba ya zubar da ragowar ɓallin da aka sare daga jikin gilashi. Yakan wanke shi, ya rubuta lamba, ya naɗe shi tare da fallensa. Wannan ɓalli fuskarsa ita ce tagwayen abin da ke cikin falle, don haka ƙwayar da kuka gani a maikuroskof kuna iya samun sauranta a jikinsa. Sai dai kada ku niƙa shi don auna sinadarin dutse gaba ɗaya, tunda ya taɓa gam. Ku ajiye wani yanki daban a gida tun kafin ku aika. Lamba kuma a jikin gilashi yake karce ta da alƙalamin daimon, ba takarda yake liƙawa ba, wadda damina ɗaya ke ɓamɓarewa. In kun zana kibiya a jikin dutse don nuna sama ko arewa, zai bi ta ya mayar da ita jikin gilashi, amma sai kun faɗa masa baki da baki, rubutu a leda ba ya isa.

Kuɗinsa yana bin dala, domin gam da gilashi da garin goga duk daga waje suke zuwa, don haka ku kira ku tambaya kafin ku rubuta kasafi. Ko da ya tashi, bai kusanci abin da za ku kashe a kuɗin aikawa kaɗai zuwa waje ba. Rabi ake bayarwa a fara, rabi in an gama. Lokaci kuwa, in ya ce mako biyu ku sa wata guda a ranku. Wuta tana ɗaukewa, ƙaramin janaretansa ba ya jan zarto da murhu a tare, kuma daga lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka dawo daga daji har su kare kundinsu, buhunan duwatsu sukan cika ƙofar ɗakin. Ba ya tsallake layi don Farfesa, ba ya kuma yarda a tsaya masa a ka. Ni wannan bai dame ni ba, amma ɗalibar da mai jarrabawa na waje zai zo mata nan da mako uku ta san da haka.

Akwai dalilin da ya sa na damu da wannan shago fiye da yadda ake damuwa da wurin sayayya. Ina koyar da wani ɗan darasi kan duwatsun sauran duniyoyi, kuma kusan kowace shekara sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, «Malama, mu da ko roka ba mu da ita, me ya haɗa mu da duniyar Mars?» Amsata Zagami ce. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da wani manomi, aka ɗauke shi aka kai ofishin binciken ƙasa a Kaduna. Daga baya aka tabbatar daga Mars ya fito, har an sami iskar da ta maƙale a cikin gilashin jikinsa ta dace da wadda kumbunan Viking suka auna a can a 1976. Basalt ne, ya daskare wajen shekara miliyan 180 da suka wuce. Wani kuma shi ne mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, wanda aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3. Duwatsun Mars sun iso yankinmu da kansu. Idon da zai karanta su ne muke da ƙarancinsa.

Ba mu da fallen Zagami a sashenmu, hotunan da masu bincike suka wallafa nake haskawa a bango. Sai in sa ɗalibai su ɗora fallen Biu na Baba a gabansu. A na Biu, filajiyokilas yana nuna ratsi-ratsin fari da baƙi masu musanyawa in an juya faifai. A na Zagami ga siffar ƙwayar nan daram, doguwa siririya, amma baƙa ƙirin ko ta ina aka juya, domin bugun da ya cillo dutsen daga Mars ya rusa tsarin cikinta ya mayar da ita gilashi ba tare da ta rasa siffarta ba. Ɗalibin da bai taɓa ganin lafiyayyen filajiyokilas a falle mai kyau ba, ba zai gane abin da ya ɓace a wancan ba. Kuma ramin da ƙwaya ta ɓalle gam ya cike shi ma baƙi yake fitowa a ƙarƙashin matatun nan. Wanda ya tashi da fallaye masu ramuka idonsa yakan saba da tsallake duk wani baƙi, ya ɗauka lahani ne na mai yanka. Wanda ya tashi da irin na Baba, in ya ga baƙi sai ya tsaya ya tambaya.

Haka hanyar take ga duk wanda ya yi suna a wannan fage. Harrison Schmitt, masanin duwatsun da ya taka duniyar wata a tafiyar Apollo 17 a Disamban 1972, a duwatsun Norwe ya yi binciken digirinsa na uku. Shi ya hango ƙasa mai ruwan lemo a can, wadda da aka duba a maikuroskof ta zama ƙananan duwatsun gilashi da aman wuta ya fesa shekara fiye da biliyan 3 da rabi da suka wuce. Tafiye-tafiyen Apollo shida sun dawo da kilo 382 na dutse da ƙasa, kuma falle aka yanka aka fara karanta su. Motar Perseverance da ta sauka a kwarin Jezero na duniyar Mars a Fabrairun 2021 ta tarar da dutse cike da manyan ƙwayoyin olibin da fairoksin ya naɗe su, masana suka ce a cikin magma mai kauri da ya huce a hankali ya samu. Abin da ya ba su damar faɗin haka shi ne shekarun da suka yi suna kallon wannan saƙa a fallayen duwatsun duniyarmu. Yarinyar da ta iya karanta basalt ɗin Panyam da kyau, in ta nemi gurbin digiri na uku a ɗakin binciken da ke aiki kan wata ko Mars, ba daga sifili za ta fara ba. Injinan da ba mu da su za ta koye su a can cikin watanni. Ido kuwa a nan ake yin sa, kuma da falle ake yin sa.

Ga masu aiki kan giranit, abin ya fi sauƙi. Wani abokin aikina da ke bin duwatsun zobe na Ririwai a Kano da na Jos, jerin da ya faro daga tsaunukan Ayar a Nijar, shekarun duwatsunsa na raguwa har zuwa Afu a Nasarawa, yana kai masa nasa, kuma na duba su: kwaz a toka-toka yadda ake so, baƙar maika ba ta yage ba. Masu dutsen laka da farar ƙasa mai laushi kuwa matsalarsu ɗaya da ta feridotait ɗina.

In za ku aika, ku fasa dutse ku cire ɓawon da rana da ruwa suka ci, ku aika da cikin mai kyau, kada ya gaza rabin dunƙulen hannu. Ku zana layin da kuke so a bi da alƙalamin da ba ya wankewa. Ku rubuta lamba a jikin dutsen da kuma a leda. Karon farko kada ku juye masa buhu. Ku ba shi kaɗan daga kowane iri, ku duba, sannan ku yanke shawara.

Abin da ke damuna shi ne Baba ya manyanta, yanzu da tabarau yake leƙa maikuroskof, kuma aikin ƙarshe na farantin 600 har yanzu shi kaɗai ke yi. Yaransa sun ƙware a zarto da manni, babban cikinsu ya fara kai giranit har ƙarshe, amma basalt bai sakar masa ba tukuna. Na tambaye shi ko zai karɓi ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya zauna da shi a lokacin dogon hutu. Ya ce zai karɓa, da sharaɗi biyu: sashe ya sayo nasa gilashin da garin goga, domin mai koyo yana ɓarna, kuma mutumin ya yarda ya fara daga wankin bokiti kamar kowa, komai matakin albashinsa. Na kai maganar taron sashe an amince, mun kuma sa famfon zuƙe iska a cikin kasafin da muka tura, da niyyar in ya fito a ajiye shi a shagon har a gama koyon.